Na Bi Sawun Laburaren Baƙaƙen Fata a Amurka

Bikin yaye 'yar ƙanena daga jami'a ne ya kai ni Amurka, amma tun kafin biza ta fito na gaya wa ƙanen nawa cewa idan an watse daga biki ina da wata buƙata. Ni malamin tarihi ne a wata sakandare a Kano, kuma shekara 11 ke nan makullin laburaren makarantar yana aljihuna. A karance-karancena na ci karo da labarin ɗakunan karatun da baƙaƙen fatar Amurka suka riƙe a zamanin wariyar launin fata, lokacin da aka hana su taka ƙafa a laburaren gari alhali har da harajinsu ake tafiyar da shi. Na ce ina so in ga biyu ko uku da idona. Ya ɗan yi shiru a waya, sannan ya ce, "Yaya, kowa ya zo kanti yake cewa a kai shi, kai kuma laburare?" Na ce e. Ya ce shi ke nan, zai ɗauki hutu.

Na tashi daga Kano zuwa Legas, na kwana, washegari da dare muka ɗaga. Awa 12 da ɗoriya muna sama. Jami'in shige da fice a Atlanta tambaya uku ya yi mini, ya miƙo fasfo. A wajen kwastan ne na ɗan daɗe, domin na faɗa musu ina ɗauke da abinci. Kuka da kuɓewa busasshiya da yaji suka wuce, kilishin da uwargida ta naɗe wa yara kuwa aka ce dokarsu ba ta yarda nama ya shigo ba. Jami'ar ta yi mini bayani cikin mutunci, ta jefa shi a wata babbar leda. Duk mai niyyar zuwa ya huta da wahalar ɗauko nama. A saman ƙofar fita na karanta sunan filin jirgin, Hartsfield-Jackson, ban san cewa rabin sunan nan yana cikin labarin da na zo nema ba.

Biki ya yi kyau, an yi kwana uku ana shiga ana fita. Ranar Juma'a muka yi salla a masallacin Al-Farooq, inda na ji Hausa a bakin wasu 'yan Gana biyu a wajen ajiye takalma. Ran Asabar ni da ƙanena da ɗiyar tasa muka nufi titin Auburn.

Wannan titi shi ne zuciyar baƙaƙen fatar Atlanta a da: bankunansu, kamfanin inshorarsu, jaridarsu, coci-cocinsu, duk a nan suke. Daga baya aka ratsa shi da wata ƙatuwar hanyar mota mai gada, ta raba unguwar biyu, har yau idan ka bi ta ƙarƙashinta sai ka ji ƙarar motoci a kanka kamar saukar ruwa a kwano. Mun wuce cocin Ebenezer, mun tsaya a gaban gidan da aka haifi Martin Luther King, lamba 501, gida mai hawa biyu na katako. Masu yawon buɗe ido sun cika wurin. Ni kuwa na ja su muka koma baya zuwa mahaɗar Auburn da titin Hilliard, inda babu wanda yake ɗaukar hoto, domin ginin da nake nema an rushe shi tun da daɗewa. A nan reshen laburare na Auburn ya tsaya daga 1921 zuwa 1959.

Kafin a same shi an kai ruwa rana. A 1902 aka buɗe babban laburaren Atlanta da kuɗin Andrew Carnegie, attajirin nan ɗan asalin Scotland da ya yi arziki da ƙarfe, wanda ya ba da kuɗin gina laburare sama da 2,500 a duniya. Sharaɗinsa shi ne gari ya ba da fili, ya kuma ɗauki alkawarin kashe kashi goma cikin ɗari na kuɗin ginin kowace shekara wajen tafiyar da shi. Batun wanda za a bari ya shiga kuwa ya bar wa masu gari. W. E. B. Du Bois, masani baƙar fata wanda kabarinsa yake Accra yanzu, a lokacin yana koyarwa a Jami'ar Atlanta. Shi da wasu suka je gaban hukumar laburaren suka ce su ma 'yan gari ne, a bar su su shiga. Aka ƙi. Mutumin da ya yi digirin digirgir a Harvard ba shi da ikon aron littafi a garin da yake koyarwa. Shekara 19 aka ɗauka kafin a gina musu ɗan reshen Auburn. Ina ganin Carnegie ya yi alheri, amma da ya ɗaure kuɗinsa da sharaɗin kowa ya shiga, da wasu garuruwan sun sauko, domin suna son ginin.

A reshen nan wata mata mai suna Annie McPheeters ta yi aiki tun shekarun 1930, ta riƙa tara duk abin da aka rubuta a kan baƙar fata a kanta ta musamman. Ita ce ta ba da labarin wani yaro ɗan gidan fasto da yake takowa daga gidansu yana aron littattafai a kan Gandhi, watau King. Na auna tafiyar da ƙafata, ba ta kai minti goma ba. Abin da ta tara bai salwanta ba, yana cikin tushen laburaren bincike na titin Auburn da aka buɗe a 1994, kuma mun shiga mun zauna a ciki ba a karɓi ko sisi ba. A nan na gane batun sunan filin jirgi. Mace baƙar fata ta farko da ta karɓi katin aro a babban laburaren Atlanta, a 1959, ita ce Irene Dobbs Jackson, malamar Faransanci a kwalejin Spelman. Ta yi karatu a Faransa inda take shiga kowane laburare ba mai ce mata kanzil, ta dawo gida ta tarar da ƙofa a rufe, ta ce ba za ta saɓu ba. Ɗanta Maynard Jackson shi ya zama baƙar fata na farko da ya riƙe magajin garin Atlanta, shi ne Jackson ɗin da ke jikin filin jirgin.

Abincin rana a tsohuwar kasuwar unguwar muka ci. Har yau ana yi mata laƙabi da kasuwar bakin titi, saboda a da fararen fata ne ke sayayya a ciki, baƙaƙe kuma a waje wajen masu baza kaya a gefen hanya. Na ci soyayyen kifi da wake mai baƙin hanci irin namu sak, da kuɓewa da aka soya da garin masara. Ganyensu da ke kama da kabeji ƙanena ya hana ni, ya ce yawanci da naman alade ake dafa shi, sai an tambaya. Faranti ɗaya dala 18. Na buga lissafi ya haura naira dubu 25, daga ranar na daina juya kuɗinsu zuwa namu don in samu abinci ya wuce.

Ran Litinin bayan sallar asuba muka ɗauki hanyar Louisville ta jihar Kentucky, mil 420 ko kusa da haka, kamar mutum ya tashi daga Kano ya dire a Lokoja. Tun daga ƙofar gida har muka isa ba mu tarar da shinge ko ɗaya ba. Ba ganga, ba katako mai ƙusa, ba mai leƙo kai ya ce me aka kawo mana. Manyan motoci kaɗai ke ratsewa wani wuri a auna nauyinsu. Na ce wa ƙanena lalle kun huta. Bai amsa ba sai da muka wuce wata motar 'yan sanda da ta laɓe a tsakanin bishiyoyi, sannan ya ce, "Yaya, idan aka tsayar da mu, don Allah kada ka buɗe ƙofa, kada ka sa hannu a aljihu. Ka ɗora hannunka inda za a gani, ni zan yi magana." Ya ce abin da ya fara koya wa yaransa ke nan ranar da suka karɓi lasin. Ba a tsayar da mu ba. Amma na lura da yadda ya riƙe sitiyari da hannu biyu har motar ta ɓace a madubi.

Bayan Chattanooga hanya ta hau dutse, hazo ya rufe mu, agogon wayata kuma ya koma baya da awa ɗaya shi kaɗai. Can cikin Kentucky ya sake dawowa. Mun yi sallar azahar a ciyawar wani wurin hutun matafiya, mai banɗaki da famfo kyauta, wani dattijo Bature ya ja karensa nesa har muka idar. Man fetur kuwa galan ɗaya dala uku da 'yan kai, kuma kai za ka zuba da hannunka.

A cikin mota ɗiyar tamu ta ce, "Baffa, mu a makaranta labarin wariyar bas da gidajen abinci aka koya mana, ban san har da laburare ba." Sai na yi ta ba ta. A 1939, a Alexandria ta jihar Virginia, wani lauya Samuel Tucker ya tura samari biyar cikin kwat, kowanne ya nemi kati aka hana shi, ya ɗauko littafi ya zauna yana karatu har 'yan sanda suka zo. A watan Maris na 1961, ɗalibai tara na kwalejin Tougaloo a Mississippi suka fara zuwa reshen baƙaƙen fata na garin Jackson suka tambayi littattafan da suka san babu, sannan suka wuce babban laburare suka zauna. Aka kama su, aka ci kowannensu tarar dala 100. A Danville ta Virginia, da kotu ta matsa a buɗe wa kowa, sai hukuma ta kwashe kujeru da tebura, wai ko za a shiga tare ba dai a zauna tare ba. A wani yanki na Louisiana kuma motar laburare biyu ce, ja ta farare, shuɗiya ta baƙaƙe, har sai da maganar wani zaman dirshan da aka yi a can ta kai Kotun Ƙoli a 1966. Yarinyar ta daɗe tana kallon taga. Ta ce, "Kujeru fa, Baffa?" Na ce kujeru.

Mun yada zango a Nashville. Reshen baƙaƙen fata da aka gina a 1916 babu shi, amma a babban laburaren gari akwai ɗaki guda na tarihin gwagwarmayar neman 'yanci, da wani zagayayyen tebur mai kujeru irin na gidajen abincin da ɗalibai suka yi zaman dirshan a 1960. Cikin ɗaliban har da John Lewis, wanda yana ɗan shekara 16 aka hana shi katin aro a garinsu Troy ta Alabama, sai a 1998 suka kira shi suka ba shi, yana ɗan majalisar tarayya. Ƙurdawa suna da yawa a Nashville, a unguwarsu muka ci gasasshen naman halal da gurasa mai zafi, muka ci gaba.

Louisville, mutanen garin ba sa faɗin sunan yadda aka rubuta, wani abu suke cewa kamar "Luwabul", a dunƙule. Mun kama ɗaki biyu a wani ƙaramin otal a gefen gari, dala 95 kowanne. Namu yana warin tsohuwar taba, tagar kuma ba ta buɗuwa, na kwana da ciwon kai. Rana ba ta faɗi ba sai wajen ƙarfe tara saura, na yi ta duba agogo ina jiran magariba. Da safe aka ba mu wani abu fari mai kauri na tsakin masara, tsakanin kunu da fate, ba gishiri ba yaji. Na fito da yajin da kwastan suka bar mini.

Laburaren Western yana mahaɗar titi na goma da titin Chestnut. Ba babban gini ba ne. Jan bulo ne da adon farin dutse a kusurwoyi da tagogi, da 'yan matakala a gaba, mutum zai iya wuce shi a mota bai waiga ba. Na tsaya a ƙasan matakalar na ɗan jima kafin in hau. Wannan shi ne laburaren gwamnati na farko a Amurka da aka yi domin baƙaƙen fata kuma su da kansu suke tafiyar da shi, daga shugaba har mai jera littattafai, kuma har gobe yana aiki. Da muka shiga akwai wani saurayi yana cika takardar neman aiki a kwamfuta, da wata uwa da 'ya'yanta biyu a kan darduma.

A 1905 aka fara shi, a ɗakuna uku na haya cikin gidan wani mutum a titin Chestnut, da littattafai kusan 1,400. Wanda ya tsaya kai da fata sai an yi shi ne Albert Meyzeek, wani shugaban makaranta da ya gaji da ganin ana mayar da ɗalibansa daga ƙofar laburare. A 1908 aka tare a wannan gini na kuɗin Carnegie. Wanda aka damƙa wa riƙonsa kuwa Thomas Fountain Blue ne, ɗan mutanen da aka haifa cikin bauta a Virginia, ya yi karatu a Hampton, kwalejin baƙaƙen fata, sannan ya karanci addinin Kirista. Bai taɓa shiga makarantar koyon aikin laburare ba. Wata ma'aikaciya ta kai mu ɗakin da suke ajiye tsofaffin takardu, ta nuna mana hotonsa tsaye da ma'aikatansa mata, kowacce ta tsuke cikin doguwar riga, ba mai murmushi, kamar mutanen da suka san ana jiran su gaza.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda mutumin nan ya ɗauki abin da aka ba su don a raba su da jama'a, ya mayar da shi makaranta. A lokacin babu inda baƙar fata zai koyi aikin laburare a duk kudancin Amurka, sai a 1925 aka buɗe sashen a Hampton. Sai Blue ya buɗe ajin koyon aiki a nan cikin ginin. Garuruwa irin su Houston da Birmingham, idan za su buɗe nasu reshen, sai su turo 'yan mata nan su koyi yadda ake rajistar littafi, yadda ake jera shi, yadda ake karɓar yaro idan ya shigo, su koma su buɗe. Ya kafa ƙungiyar muhawara ta samari da sunan Frederick Douglass, tsohon bawan da ya yi gwagwarmayar kawar da bauta. Ƙungiyoyin unguwa suna taro a ɗakunan ginin. A 1914 aka ƙara reshe na biyu a gabashin gari, shi ma a ƙarƙashinsa, kuma a 1922 ya tsaya ya yi jawabi a taron ƙungiyar ma'aikatan laburare ta Amurka, baƙar fata na farko da aka ba wannan dama. Yana kan aikin har ya rasu a 1935, shekara 13 kafin a bar irinsa su shiga babban laburaren garin a 1948.

Mataimakiyarsa Rachel Harris, wadda ta gaje shi, ita ce ta yara. Ba ta zauna jiran su zo ba, akwatunan littattafai take aikawa ajujuwan makarantun baƙaƙen fata da lungunan da suka yi nisa da ginin. Sannan akwai lokacin ba da labari kowane mako. Wani shugaban firamare mai rubuta waƙoƙi, Joseph Cotter, ya kawo shawarar a mayar da shi gasa a 1913: yaro ya saurari labari, ya je ya riƙe, ya dawo ya bayar da bakinsa a gaban jama'a, wanda ya yi fice a rubuta sunansa a jikin kofi. Da ma'aikaciyar take bayani sai na ji kamar muryar kakata a tsakar gida tana cewa ga ta nan ga ta nanku. Mu da muke da Gizo da Ƙoƙi, ban taɓa tunanin tatsuniya tana da gurbi a ɗakin da nake riƙe da makullinsa ba. Ni a wurina laburare wurin shiru ne, har allon gargaɗi na rataye.

Muna shirin fita sai wata dattijuwa da ke zaune kusa da taga, da sanda a jingine, ta yafito ni. Hulata ta gani. Ta tambayi daga ina, na faɗa mata, ta ce ita tun tana 'yar shekara shida take zuwa ɗakin nan, a farkon shekarun 1950. Mahaifiyarta wankau take yi wa Turawa, ta ɗinka mata 'yar jaka da ragowar yadi don ɗaukar littattafai, duk Asabar ta cika ta ta kai gida, ta karanta wa uwar da dare tana guga. Ta ce ko da aka buɗe musu babban laburare sun daɗe ba su je ba, domin a nan ne aka san sunansu. Da ta ji aikina sai fuskarta ta washe, ta dafa hannuna ta ce, to a wurinku littafi nawa yaro yake iya kai wa gida?

Na ce ko ɗaya.

Ta ɗauka ban ji tambayar ba, ta maimaita. Na yi mata bayani cewa littattafanmu kaɗan ne, idan suka ɓace ba mai sayo wasu, shi ya sa dokar makaranta ta ce a karanta a ciki a ajiye, kuma mafi kyawunsu ma suna cikin kabad a kulle. Ba ta ce komai ba, ta gyaɗa kai kawai tana shafa bayan hannuna. Jikina ya yi sanyi. Duk hanyar zuwa maƙabartar Cave Hill, inda muka je muka yi wa Muhammad Ali addu'a, tunanin da nake yi ke nan. Na tuna masu shagunan hayar littattafan Hausa a unguwanninmu, waɗanda matan aure ke aika yara su karɓo musu, a rubuta suna a wani tsohon littafin lissafi, a dawo da shi bayan kwana biyu duk ya sha hannu. Mai shago da jarinsa bai taka kara ya karya ba ya yarda da mutane, ni da gwamnati ta ba amana don yara ban yarda da yaran ba.

Komawa Atlanta ba wani labari, ruwa ne ya yi ta dukanmu daga Nashville har gida. Muka huta kwana ɗaya, sannan ni da ƙanena muka yi sammako zuwa Savannah ta jihar Jojiya a bakin teku, tafiyar awa huɗu a miƙaƙƙiyar hanya tsakanin itatuwa.

Savannah gari ne mai kyau da nauyi a zuciya. Manyan bishiyoyi sun yi rumfa a kan tituna, wani abu mai kama da furfura yana reto daga rassansu, ga zafi da gumi irin na Legas. A bakin kogin garin aka riƙa sauke mutanenmu daga jiragen ruwa. A 1829 jihar Jojiya ta yi dokar hukunta duk wanda ya koya wa baƙar fata karatu, da tara ko bulala ko ɗauri. Duk da haka an yi makarantun ɓoye a garin. Susie King Taylor, wadda aka haifa baiwa, ta ba da labarin yadda suke naɗe littattafansu a takarda su shiga gidan malamarsu ɗaya bayan ɗaya don kada 'yan sanda su gane. A 2023 aka sa sunanta a wani dandali da a da yake ɗauke da sunan John Calhoun, babban mai kare bauta. Mun zauna a benci a dandalin muka ci gyaɗa. Na gaya wa ƙanena cewa kudu da nan, a tsibirin Sapelo, an yi wani bawa Musulmi, Bilali Muhammad, mutumin Timbo ta Futa Jallon, wanda ya bar rubutun hannu shafi 13 da Larabci a kan alwala da salla, yana ajiye a Jami'ar Jojiya. Wasu daga cikin waɗanda aka hana karatun da allonsu a ka aka kawo su.

Laburaren Carnegie na titin Henry ta gabas shi ne na ƙarshe da na gani. A 1906 wasu mutum 11 baƙaƙen fata suka kafa ƙungiya, kowa ya kwaso littattafan gidansa, suka kama ɗaki suka buɗe wa jama'a. Da suka nemi taimakon Carnegie, jama'arsu ce ta yi karo-karo ta sayi filin, shi kuma ya ba da dala 12,000, aka buɗe a 1914. Ginin na bulo ne mai duhu, da doguwar matakala da ke kai mutum hawa na sama, yana kallon wani ɗan lambu. Clarence Thomas, alƙalin Kotun Ƙoli, a nan ya yi karatun yarintarsa. Ciki tsit, sanyin na'ura, ƙamshin tsohon katako. Na tambayi ma'aikacin ko yara suna ɓatar da littattafai. Ya ce sosai ma, kowace shekara. Na ce to me kuke yi? Ya ɗaga kafaɗa ya ce suna sa shi cikin lissafi tun farko, kamar kuɗin wuta.

Da yamma muka ci wata jar shinkafa da ba ta da maraba da dafa-dukanmu, bayan mai abincin ta tabbatar mana tata da kifi ta yi. Muka kwana a otal na dala 120, washegari muka juya. Da mai da masauki da abinci, yawon laburaren nan ya ci wa ƙanena abin da ya kusa dala 700, ya kuma hana ni ko taɓa aljihu.

Na dawo Kano ana tsakiyar zango na uku. Sati biyu ina kai gwauro ina kai mari tsakanin ofishin shugaban makaranta da na mataimakinsa, domin tsoronsu na gaskiya ne, idan masu binciken kaya suka zo ni da su za a tambaya. A ƙarshe aka yarda a gwada da 'yan aji biyar da shida kawai, littafi ɗaya na mako ɗaya, ni kuma na sa hannu cewa abin da ya ɓace a wuyana yake. Na sayi littafin rubutu mai bango mai kauri, na ja layi huɗu: suna, aji, littafi, rana. Na buɗe kabad ɗin nan, na cire allon shiru na ranar Alhamis bayan tashi, muka fara tatsuniya da 'yan aji ɗaya. Zuwa hutu suna 63 ne a rajistar. Littafi biyu ba su dawo ba. Ɗaya yaron ya ce ruwa ya jiƙa shi a ɗakinsu, ya kawo mini bangon. Ɗayan kuma yarinyar ta ce yayarta da aka cire daga makaranta aka yi wa aure ce ta karɓa ba ta gama ba, tana roƙon a ƙara mata mako guda. Na ƙara mata, na rubuta sabuwar rana a gefen tsohuwar.